Yadda za ka karanta takardar gwajin jininka idan kana zargin gyambon ciki

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibitin gwamnati. Idan na miƙa wa mutum sakamakon jininsa ta taga, tambayar da ta fi kowace yawa ita ce, "Malam, olsar ta fito?" Gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna gyambon ciki. Ba ya cewa akwai shi, ba ya cewa babu. Duk da haka takardar ba ta banza ba ce, domin akwai layuka biyu ko uku a cikinta da za su iya ceton ran mai gyambo, sai dai galibi ba su mutane ke kallo ba. Yanzu ma matasa masu karatu a waya sun fara zuwa da lissafin NLR da PLR da SII, waɗanda ake fitarwa daga adadin ƙwayoyin jini, wai an ce suna nuna haɗarin olsa. Bari in bi da kai cikin takardar, in nuna maka inda za ka tsaya da inda za ka wuce.

Sai ka fara da sanin abin da ake nema. Gyambon ciki rauni ne a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, inda ruwan narkar da abinci ya ci naman wurin. Manyan masu jawo shi biyu ne. Na farko ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a birnin Perth na Ostareliya a 1982. Marshall har shan ƙwayar ya yi da kansa a 1984 don a yarda da shi, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Wajen rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, mafi yawansu tun suna yara suka ɗauka, kuma a ƙasashenmu ta fi haka yawa. Na biyu magungunan kashe ciwo ne, irin su diklofenak, ibufurofen, firoksikam da asfirin. Yunwa da yaji da damuwa suna tsananta zafin gyambon da ya riga ya samu, amma ba su ke haƙa shi ba. Taba sigari kuwa tana hana shi warkewa.

Kafin a ɗibi jinin

Gwajin da likita ke rubutawa FBC (ƙirgar ƙwayoyin jini), da CRP, da ESR (masu nuna kumburi), ba sa buƙatar ka zo da yunwa. Ka karya, ka sha ruwa. Wanda ya zo a bushe, musamman a watannin zafi, jininsa kan yi kauri, PCV ɗinsa, wato kashi nawa jininsa yake, ya nuna sama da gaskiya. Abin da nake roƙon ka shi ne ka gaya wa likita da mai ɗibar jinin abubuwa huɗu: ko ka yi zazzaɓi a kwanakin nan, ko kana da sikila, ko akwai juna biyu, da kuma duk maganin da kake sha. Kowannensu yana juya lambobin.

Jinin FBC ana zuba shi ne a kwalba mai murfi ruwan hoda mai duhu, a jujjuya ta a hankali don kada ya daskare. Idan an ba ka kwalbar ka kai wani wurin awo, kada ka sa ta a aljihu ka shiga kasuwa. Jinin da ya daɗe a zafi ƙwayoyinsa suna lalacewa, na'ura kuma ta ƙirga abin da ta samu. Ka kai shi nan take.

CRP da ESR

CRP sinadari ne da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi ko ƙwayar cuta a jiki. Yakan fara tashi cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, sannan ya sauka da sauri idan abin ya wuce. A yawancin ɗakunan awo, ƙasa da 5 mg/L lafiya ne, wasu suna sa iyakarsu a 10. Ka duba iyakar da aka buga a gefen takardarka, ita ce ma'auni.

ESR kuwa da ido nake ganin sa. Ana zuƙo jini cikin wani siririn bututun gilashi mai ma'aunin milimita 200, a tsayar da shi cak a kan katako, a saita agogo. A hankali jajayen ƙwayoyin suke sauka, ruwan jini mai launin rawaya ya rage a sama. Bayan awa ɗaya daidai sai in karanta tsawon ruwan. Na mai lafiya da kyar ya kai faɗin yatsa. Na mai tarin fuka da ya ci jiki kuwa, sai ka ga rabin bututun ya zama rawaya. Ga lissafin da likitoci ke yi a ka: namiji ya raba shekarunsa biyu, mace ta ƙara 10 a kan shekarunta sannan ta raba biyu. Mace mai shekara 50 ke nan, ESR 28 bai isa ya hana ta barci ba. Ƙarancin jini da juna biyu suna ɗaga shi ba tare da wani kumburi ba, sikila kuma tana danne shi saboda ƙwayoyin ba sa haɗuwa su nutse.

Waɗannan biyun kamar hayaƙi ne da ka hango daga nesa: ka san wuta ta tashi a unguwa, ba ka san gidan wa ba. Maleriya, taifot, ciwon haƙori, cutar mafitsara, sanyin ƙashi, duk suna ɗaga su. Gyambon da bai huje ba kuwa sau da yawa ƙaramin rauni ne da bai wuce faɗin farce ba, kuma kumburinsa a bangon tumbi yake tsayawa. Mutum na iya kasancewa da gyambo sosai CRP ɗinsa na lafiya. Saboda haka idan ka ga CRP ya yi sama ƙwarai, tambayar da za ka yi wa likita ita ce, "Me kuma yake damuna ban da cikin?" Idan CRP ya tashi tare da ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi, wannan maganar gaggawa ce, zan zo kanta.

Lissafin da ake yi a waya

A takardar FBC za ka ga WBC, wato jimillar fararen ƙwayoyin jini, wanda ga babba yakan tsaya tsakanin 4 da 11. A ƙarƙashinsa akwai NEUT da LYM, manyan rukunonin fararen ƙwayoyin. Sai PLT, ƙwayoyin da ke daskarar da jini, tsakanin 150 da 400 ko 450.

NLR shi ne NEUT a raba da LYM. PLR shi ne PLT a raba da LYM. SII shi ne PLT sau NEUT a raba da LYM. Ɗauki misali: WBC 8.0, NEUT kashi 60, LYM kashi 30, PLT 300. Kashi 60 na 8.0 shi ne 4.8, kashi 30 shi ne 2.4. NLR ya zama 2, PLR ya zama 125, SII ya zama 600. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya raba PLT da lambar kashi, wato 300 a raba da 30, ya samu 10, hankalinsa ya tashi. NLR da SII za ka iya fitarwa daga kashin NEUT da LYM kai tsaye. PLR kuwa sai da ainihin adadin. Ga mai lafiya NLR yakan faɗa tsakanin 1 da 3.

To me ya haɗa su da gyambo? Masu bincike sun duba taron marasa lafiya, wasu sun ga cewa a dunƙule waɗannan lambobin sun ɗan fi yawa ga masu H. pylori ko waɗanda gyambonsu ya huje, wasu kuma ba su ga bambanci ba. Bambancin da ake gani tsakanin taro da taro ba ya yanke hukunci a kan mutum ɗaya. Babu ƙa'idar aikin likita da ta ce a gano gyambo ko a fara magani da NLR.

Mu nan ma muna da ƙarin dalilan taka-tsantsan. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wani tambari da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu irin wannan halitta NEUT ɗinsu kan zauna ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba. Iyakar da aka yanka a Turai ko Sin ba lallai ta dace da jinin Bakano ko Badamagare ba. Maleriya tana kayar da PLT, don haka PLR da SII na wanda ya tashi daga zazzaɓi ba abin dogaro ba ne. Sai kuma deksametason da firednisolon, har da ƙwayoyin ƙiba da ake ce wa sha ka fashe: suna ɗaga NEUT, su danne LYM, NLR ya yi tsalle. Idan na ga irin wannan a takardar budurwa mai kumburarriyar fuska, abin da ke damuna shi ne maganin da take sha, domin haɗa shi da diklofenak na daga cikin hanyoyin da suka fi saurin sa ciki zubar da jini.

Ra'ayina dai, ka yi lissafin idan kana so, amma kada ka sayi ko ƙwaya ɗaya saboda shi.

Layukan da ya kamata ka tsaya a kai

Nan ne amfanin takardar yake. Nemi HGB ko Hb, wato sinadarin da ke sa jini ja, sai PCV, wanda wasu na'urori ke rubutawa HCT. PCV ne mutane ke nufi idan sun ce "jinina kashi nawa ne?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akwai ƙarancin jini idan Hb ya gaza 13 g/dL ga namiji babba, 12 ga mace, 11 ga mai juna biyu. PCV yakan kai kusan ninki uku na Hb, wato Hb 10 wajen kashi 30 ke nan.

Gyambo yana iya tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan wata da watanni, mai shi bai ga komai a bayan gida ba. Abin da zai lura da shi gajiya ce, da haki idan ya hau bene ko ya yi sauri zuwa masallaci, da jiri idan ya miƙe, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Jikin da ke asarar jini haka sinadarin ƙarfensa yana ƙarewa, sai ya koma ƙera ƙananan jajayen ƙwayoyi. Layin MCV ke nuna girmansu, kuma na lafiya tsakanin 80 ne da 100. Hb a ƙasa, MCV ƙasa da 80, wani lokaci PLT ya ɗan haura: wannan hoton ƙarancin ƙarfe ne. Lura da cewa PLT ɗin da ya hau a nan ba kumburi ya ɗaga shi ba, rashin ƙarfe ne, kuma zai kumbura maka PLR ya sa ka bi hanyar da ba ita ba.

Ga mace mai haila mai yawa ko mai jego, ko yaro mai tsutsar ciki, akwai bayani na kusa. Amma namiji babba, ko macen da ta daina al'ada, idan aka same su da ƙarancin ƙarfe, dole a nemi inda jinin ke fita, kuma tumbi da hanji ne wurin farko da ake dubawa. Kada ka yarda a sallame ka da maganin ƙarin jini kawai. Ka tambaya, "Likita, ina jinin yake tafiya?" Idan an rubuta maka gwajin feritin, wanda ke auna ajiyar ƙarfe, ka sani kumburi yana ɗaga shi. Ƙasa da 15 ƙarancin ƙarfe ne tabbas, amma idan CRP na sama, feritin na iya nuna lafiya alhali rumbun ya kwashe. A nan ne CRP ke da aiki na gaske ga mai gyambo, wato taimakawa a karanta feritin daidai.

Abu biyu kuma. Idan jini ya ɓalle da yawa lokaci guda, Hb na awannin farko na iya fitowa lafiya, domin jiki bai riga ya cike gurbin da ruwa ba. Wanda ya yi aman jini da safe kada a ce masa ya tafi gida don PCV ɗinsa ya nuna 40, sai an sake aunawa. Sannan idan an yi gwajin ƙoda aka ga yuriya ta hau amma kiriyatinin na nan daidai, likita zai yi tunanin jini ne hanji ke narkarwa, ko kuma rashin ruwa a jiki.

Ka zo da ledar maganinka

Wata dattijuwa ta zo da jikarta, Hb ɗinta ya faɗi ƙasa da 8, MCV a ƙasa, CRP lafiya lau. Na ce, "Inna, wane magani kike sha?" Ta ce, "Ɗan nan, ba na shan komai, sai na ƙafa." Jikar ta kwance bakin gyale ta zazzage leda a kan tebur. Akwai diklofenak, akwai firoksikam, akwai wani haɗi na ƙwayoyi kala-kala da aka ƙulla mata a kemis ba suna, ga kuma garin maganin ciwon kai na 'yar takarda, wanda asfirin ne a ciki. Magani uku ko huɗu masu aiki iri ɗaya take haɗawa, kuma da sassafe kafin koko. A wurinta "magani" shi ne wanda likita ya rubuta. Ba ta taɓa kukan ciwon ciki ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin gyambon da maganin kashe ciwo ya jawo sau da yawa ba ya zafi, musamman ga tsofaffi, sai dai a ga jini.

Wannan ledar ta fi kowane lissafi faɗin haɗarin gyambo. Haɗarin yana ƙaruwa idan mutum ya haura shekara 60 zuwa 65, ko ya taɓa yin gyambo, ko yana haɗa masu kashe ciwo biyu, ko yana shan su tare da deksametason ko maganin tsinka jini irin warfarin da kulofidogirel. Don haka ka tattaro komai, har na gargajiya da na ƙarfin maza da na ƙiba, ka kai wa likita ya gani da idonsa. Idan ciwon jiki ne na yau da kullum, farasitamol ba ya cin bangon tumbi, muddin babba bai wuce giram 4 a yini ba. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin na 75 mg saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa. Ya koma a haɗa masa da maganin kare tumbi.

Gwajin da ke amsa tambayar

Idan kana fama da zafi a saman ciki, ƙwannafi, ko ciwon da ke tashin ka da dare, abin da za ka nema shi ne gwajin H. pylori. Iri uku ake yi ba tare da leƙa ciki ba. Na jini shi ya fi arha kuma shi aka fi yi, amma yana nuna cewa jikinka ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, kuma yakan ci gaba da nuna akwai ko bayan an kashe ta. Ina ganin mutanen da suka sha magani zagaye bayan zagaye saboda wannan gwajin ya ƙi canzawa, abin yana ba ni takaici. Na bayan gida da na numfashi su ke nuna ƙwayar tana nan da rai yanzu. Inda ake da zaɓi, ka nemi ɗaya daga cikinsu.

Sharaɗinsu shi ne ka dakatar da omefirazol da danginsa masu rage ruwan tumbi mako 2 kafin gwajin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da bismut, wani maganin tumbi, kuma mako 4. Idan ba haka ba ƙwayar za ta lafa, sakamako ya ce babu alhali tana nan. Ka shirya wannan da likitanka, zai gaya maka abin da za ka riƙa sha don rage zafi a tsakani.

Idan an same ta, magani haɗi ne na mai rage ruwan tumbi da masu kashe ƙwayar aƙalla biyu, galibi na kwana 14. Likita ne zai zaɓa, domin a wurare da yawa ƙwayar ta daina jin kilaritromaisin da filajil. Za ka ji ɗaci a baki, wataƙila da laulayin ciki. Ka daure ka ƙarasa, don wanda ya tsaya a kwana na biyar saboda ya ji sauƙi ya bar ƙwayar da ta fi taurin kai. Bayan mako 4 ko fiye da gama magani, ka sake gwajin bayan gida ko na numfashi a tabbatar ta mutu. Wannan matakin kusan kowa ke tsallakewa, alhali tun 1994 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa H. pylori cikin abubuwan da ke jawo dajin tumbi.

Ganin gyambon da ido kuwa sai da endoskofi, siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki bayan an fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro. Mintoci kaɗan ne. Ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ka nemi a tura ka idan kana ramewa ba dalili, ko abinci na tsaya maka a ƙirji, ko amai ya ƙi tsayawa, ko an sami ƙarancin ƙarfen da na bayyana, ko wani na jininka ya yi dajin tumbi, ko kuma ciwon ya fara maka ne bayan ka manyanta, wajen shekara 55 zuwa sama. Idan an ga gyambon a tumbi ne, akan ɗan tsinko nama a auna, a kuma sake leƙawa bayan mako 6 zuwa 8 ko ɗan fiye, domin daji na iya yin kama da gyambo.

Lokacin da ba a jiran sakamako

Aman jini, ja ko baƙi-baƙi kamar garin kofi. Bayan gida baƙi wuluk mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban. Ƙwayar ƙarin jini da bismut ma suna baƙanta bayan gida, amma ba ya yin danƙo da warin nan, kuma idan kana shakka ka ɗauka jini ne. Suma, ko jiri da gumi mai sanyi da bugun zuciya da sauri. Ciwon ciki da ya sauko farat ɗaya, ciki ya sandare, mutum ya kasa ko motsi: alamar gyambo ya huje ke nan, aikin tiyata ne, kuma kowace awa tana da muhimmanci. Kada a ba shi abinci ko ruwa ko jiƙo, a wuce da shi sashen gaggawa, a tafi da 'yan'uwan da za su iya ba da jini. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya ji zafi a saman ciki tare da gumi ko nauyi a ƙirji, shi ma ya tafi a duba zuciyarsa, domin ciwon zuciya yakan zo da kamannin olsa.

Mai gyambon da ya taɓa zubar da jini, ko wanda har yanzu yake kan magani, ya ga likita tun cikin Sha'aban kafin azumi ya kama. A auna Hb, a tabbatar an kashe ƙwayar, a tsara masa lokacin shan omefirazol, wanda ya fi aiki idan an sha shi kamar rabin awa kafin cin abinci, wato kafin sahur. Idan likita ya ce jikin ba zai ɗauka ba a bana, ya kai wannan bayanin ga malaminsa a duba masa hukuncin ramuwa.